Baƙi da Wasali: Tarihin Sankarar Mama Daga Misra Zuwa Gyaɗi-Gyaɗi

Daga ƙofar gidan gwaggona a Gyaɗi-Gyaɗi zuwa ƙofar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tafiyar ƙafa ce da ba ta kai ta minti 20 ba. Amma sai da Gwaggo ta shafe wata 14 kafin ta yi wannan tafiya. Ranar da ta fara jin ƙullutu a mamanta na hagu ba ta faɗa wa kowa ba, saboda kunya irin ta matan zamaninsu. Da abin ya girma, sai maƙwabta suka ce daji ne, kuma daji ba ya son ƙarfe, da zarar allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Aka kawo saiwoyi, aka kawo turare, aka kawo na shafawa. Ranar da ta yarda muka sa ta a adaidaita sahu, ta kama hannuna ta ce, "Uwata, gyara mini mayafin nan, kada mutane su ji wari." Uwata take kirana, domin sunan mahaifiyarta na ci. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, sai dai ciwon ya riga ya kai huhu da ƙashin baya. Ba ta ga azumin da ya biyo baya ba.

Bayan sadakar arba'in, dangin wanda zai auri 'yarta suka aiko cewa a dakata da maganar biki, wai an ce musu ciwon gado ne. Yarinyar ta same ni a gidanmu da ke Tarauni, ta zauna a bakin gado, ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Taubashiya, ke da kike karatun boko, gaya mini gaskiya. Gado ne?" Ban iya ba ta amsa ba a ranar. Wannan rubutu shi ne amsar da na tara mata cikin shekaru, kuma da na shiga neman ta sai na tarar mutane sun fi shekara 3,000 suna yin tambaya mai kama da tata.

Kaguwa a Ƙirji

Wata tsohuwar takardar likitanci ta Misra, wadda ake kira da sunan Edwin Smith, Ba'amurken da ya saye ta, an rubuta ta kimanin shekara 1,600 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam. A cikinta akwai bayanin wasu ƙulluwa masu tauri a ƙirji, kuma marubucin ya nuna cewa babu maganinsu. Masana tarihi da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin ambaton sankarar mama mafi tsufa. Likitocin Girka na zamanin Hippocrates, wanda littattafan Larabci ke kira Buƙraɗ, sun raɗa wa ciwon sunan kaguwa, ana jin saboda jijiyoyin da ke kewaye ƙullutun sun yi kama da ƙafafunta. Kalmar Larabci ta saraɗan ma ma'anarta kaguwa. Shi kuwa Bahaushe ya ce daji, ya ce sankara, yana nufin abin da ke ci yana yaɗo ba da izinin kowa ba.

Likitan Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya yi bayani a littafinsa At-Tasrif cewa ana iya yanke ciwon idan sabo ne kuma a wurin da za a iya cire shi baki ɗaya, kamar mama. Idan kuwa ya tsufa ya girma, shi bai taɓa warkar da irinsa ba. Da na karanta wannan sai jikina ya yi sanyi. Maganar da likita ya gaya mana a kan Gwaggo ke nan, shekara dubu bayan Az-Zahrawi: an makara. Ashe laifin da ake ɗora wa ƙarfe na jinkiri ne. Mace takan isa gaban mai fiɗa bayan ciwo ya gama yaɗuwa, in ta rasu sai a ce wuƙa ce ta fusata shi.

A shekarar 1894 William Halsted na Asibitin Johns Hopkins a Amurka ya wallafa sakamakon fiɗarsa mai tsanani, wadda ake cire mama da naman ƙirji da kaluluwar hammata. Shekara biyu bayan haka, a 1896, George Beatson na birnin Glasgow ya cire wa wata mai sankarar mama ma'ajiyar ƙwanta, sai ƙullutun ya janye. Daga nan aka fara gane cewa wata sankarar tana rayuwa ne da sinadarin mata na jiki, wanda yanzu ake kira istirojin.

Maganar Gado

Tambayar taubashiyata ta taɓa damun wani babban likita. A 1866 Paul Broca na Faransa ya bi diddigin dangin matarsa, ya tarar mata 10 cikin 24 sun mutu da sankarar mama a tsawon zuri'a huɗu. Ya ga gado da idonsa, amma bai san inda yake ɓoye ba. A 1914 Theodor Boveri na Jamus ya ce tushen sankara yana cikin hargitsewar wasu zarurruka da ke tsakiyar ƙwayar halitta, waɗanda ake kira kuromosom. A 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana siffar sinadarin DNA da ke cikin waɗannan zarurruka, bisa taimakon hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin, wadda ita kanta sankarar ma'ajiyar ƙwai ta kashe a 1958.

DNA rubutu ne mai baƙaƙe huɗu kacal: A, C, G da T. Kundin ɗan Adam yana da baƙaƙe kimanin biliyan 3, a ciki akwai ƙwayoyin gado wajen 20,000, kowace da umarnin da take bai wa jiki. A 1990 Mary-Claire King ta nuna cewa akwai wata ƙwayar gado a kuromosom na 17 da ke da hannu a sankarar mama mai bin dangi. Aka sa mata suna BRCA1, aka ware ta a 1994, sannan aka samo 'yar'uwarta BRCA2 a kuromosom na 13 a 1995. Aikin su biyun gyara ne: idan zaren DNA ya tsinke, suna cikin masu ɗinke shi. Wanda ya gaji gurguwar BRCA, tela ya rasa a gidansa.

A nan na ci karo da abin da ya hana ni barci. Na ɗauka taubashiyata ce kaɗai ke cikin haɗari, tunda ita ta sha nonon Gwaggo. Ashe wannan gado ba ta nono yake bi ba, kuma bai bambanta uwa da uba ba. Idan mahaifi yana ɗauke da shi, kowane ɗa ko 'ya yana da rabin yiwuwar gadonsa. Gwaggo da Babana ciki ɗaya suka fito. Tambayar da aka kawo mini ta zama tawa.

Sai dai binciken ƙasashen Turai da Amurka ya nuna cewa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai na masu sankarar mama suka gaji irin wannan lahani. Sauran fa? Baƙaƙen da suka gada lafiya lau suke. Wasunsu kuskuren rubutu ne ya auku a ƙwayoyin maman a tsawon rayuwa. Amma akwai wani sashe na labarin da ba a cikin baƙaƙen yake ba.

Baƙi da Wasali

Kakana marubucin ajami ne. Ina ƙarama nakan zauna kusa da buzunsa ina kallon yadda yake jera baƙaƙe da baƙar tawada, in sun bushe ya ɗauko wani alƙalami ya bi su da jar tawada yana ɗora wasulla. Wata rana na tambaye shi dalilin wahalar yin aiki biyu. Ya rubuta baƙaƙe biyu a allo ya ce, "Amarya, karanta." Na kasa. Ya ɗora wasali, suka zama gida. Ya goge ya sauya, suka zama gudu. Ya sake sauyawa, suka zama gada. Baƙaƙen ba su motsa ba, amma magana ta canza sau uku.

Ban sami misalin da ya fi wannan fayyace ilimin da Conrad Waddington na Ingila ya raɗa wa suna efijenetik a 1942 ba. Ni nakan kira shi ilimin wasullan gado. Ƙwayar ido da ta hanta da ta mama duk kundi ɗaya suke ɗauke da shi, baƙi da baƙi. Abin da ya raba su shi ne alamomin da aka ɗora a kan rubutun, masu cewa a karanta nan, a tsallake can. A 1975 Robin Holliday da John Pugh, da kuma Arthur Riggs a nasa ɓangaren, suka kawo shawarar cewa ɗaya daga cikin alamomin wani ɗan ƙaramin sinadari ne mai suna metil, wanda ke manne wa baƙin C. Idan metil ya taru a ƙofar wata ƙwayar gado, sai ta yi shiru kamar ba ta nan.

A 1983 Andrew Feinberg da Bert Vogelstein suka nuna cewa ƙwayoyin sankara sun zubar da metil ɗinsu a wurare da yawa, abin da ya kamata ya yi shiru ya buɗe baki. Daga baya aka ga kishiyar haka a wasu wurare: metil ya taru a ƙofar ƙwayoyin gado masu tsaron jiki, ya toshe musu baki. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2000 bincike ya tabbatar da cewa a wasu matan da ba su gaji lahanin BRCA1 ba, metil ne ya rufe ta a cikin ƙullutun. Tela yana gida, lafiyarsa ƙalau, amma an kulle masa shago.

Wasulla kuma suna sauyawa da rayuwa. A 2005 masu bincike a Sifaniya suka duba tagwaye masu kama ɗaya, suka ga alamominsu kusan iri ɗaya ne suna yara, amma suna girma suna rarrabuwa. Hassana da Usaina baƙi ɗaya suka gada, duniya ce ke yi wa kowace nata wasalin. Mutanen Holan da aka yi cikinsu a yunwar 1944 zuwa 1945, an same su da bambancin metil bayan shekara 60. A ƙauyukan Gambiya, inda abinci ke sauyawa tsakanin damina da rani kamar yadda yake a ƙauyukanmu, an ga cewa lokacin da aka ɗauki cikin yaro yana barin alama a DNA ɗinsa. Abin lura a nan shi ne, mafi yawan waɗannan alamomi ana goge su idan za a fara sabon rai, kuma waɗanda suka taru a cikin ƙullutun uwa ba su wucewa ga 'yarta.

Gafaka

Littattafan kakana ba ɗinkakku ba ne. Warwarar takardu ne da ake jerawa bisa tsari, a ɗaure da tsirkiya, a sa a gafaka. A ƙasan kowace takarda akan rubuta kalmar farko ta mai bi mata, domin in sun zube a iya mayar da su. Na taɓa zubar masa da wani littafi, babu baƙi ɗaya da ya goge, amma sai da ya kwana biyu kafin littafin ya sake karantuwa.

Haka kundin jiki yake. DNA da ke cikin ƙwayar halitta guda, in an miƙe shi, ya kai mita 2, amma an cusa shi a cibiyar da faɗinta bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. A 1974 Roger Kornberg ya bayyana cewa zaren yana naɗe ne a jikin wasu dunƙule-dunƙule da ake kira histon, kamar zare a jikin mazari. Inda naɗin ya matse ba a iya karatu, inda ya saki ana karantawa. A 2009 aka fito da wata dabara mai suna Hi-C da ke nuna wane sashe na zaren ke maƙwabtaka da wane, aka ga kundin ya kasu gida biyu, buɗaɗɗe da rufaffe. A 2012 kuma aka gano cewa a cikinsu akwai ƙananan unguwanni masu iyaka, ta yadda maɓallin da ke kunna wata ƙwayar gado ba ya tsallaka katanga ya kunna ta maƙwabta.

A ƙwayar mama, istirojin yana aiki ne ta hanyar wani makarɓi da ke zama a kan DNA, ya lanƙwaso zaren har sashe mai nisa ya taɓa ƙwayar gadon da za a kunna. Akwai masu share masa hanya, irin su FOXA1 da GATA3, waɗanda ke sassauta naɗin kafin ya iso. Idan wannan tsari ya hargitse, umarnin "a hayayyafa" ya rasa mai tsawata masa. Likitocin ɗakin gwaje-gwaje sun daɗe suna ganin inuwar wannan hargitsi. Tun 1957 tsarin Bloom da Richardson na auna zafin sankarar mama yake duba yadda cibiyar ƙwaya ta kumbura ta karkace. Likitan da ya sa ɗan naman Gwaggo a ƙarƙashin madubi, gafaka ya gani da takardunta a zube.

Namu Littafin

Mafi yawan abin da na lissafa an gano shi ne a jikin matan Turai da Amurka. A Nijeriya, rajistar masu sankara ta farko an kafa ta a Ibadan a 1960. A Kano, asibitin birni da yanzu ake kira Asibitin Murtala ya fara aiki tun shekarun 1920. Asibitin Malam an kafa shi a 1988 domin koyar da ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero, ya fara aiki a harabar Murtala, sannan ya tare a mazauninsa na Titin Zariya a 1996. Da likitocinsa suka wallafa nazarin rajistar Kano ta shekarun 1995 zuwa 2004, sankarar bakin mahaifa ce ta zo ta farko a mata, ta mama tana biye da ita. A faɗin ƙasa kuwa, ƙiyasin hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya sa ta mama a gaba, da sababbin masu ciwo sama da 28,000 da mace-mace sama da 14,000 a shekara guda.

A 1998 Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi karatun likita a Ibadan kafin ta koma Jami'ar Shikago, ta haɗa kai da likitocin fiɗa na Ibadan, irin su Clement Adebamowo da Temidayo Ogundiran, suka fara wani dogon bincike a kan matan Nijeriya. A 2009 ita da abokan aikinta suka wallafa nazarin matan Nijeriya da Senegal, inda suka ga matsakaicin shekarun masu ciwon kimanin 45 ne, kuma nau'in da ba ya jin maganin toshe istirojin ya yi yawa. Wani nazarin na Ibadan a 2008 ya sami akasin haka, mafi yawan ƙulluwan suna da makarɓin istirojin, abin da ya ja hankali ga yadda ake adana nama kafin gwaji. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin sakamakon gwajin ne ke nuna ko ƙwayar tamoxifen, mai sauƙin kuɗi, za ta yi wa mace amfani.

A 2018 suka duba mata 1,136 masu ciwon, suka sami kimanin kashi 15 cikin 100 da lahanin gado, BRCA1 kaɗai tana da kashi 7. Adadin ya fi na Turai, amma duk da haka mata 85 cikin 100 ba su gaji irin wannan lahani ba. Nazarin kundin ƙulluwan matan Nijeriya a 2018 da 2021 ya nuna yawan lahani a GATA3, wato mai share hanyar nan da na ambata. Sai dai mafi yawan waɗannan mata daga kudu maso yammacin ƙasar suke. Littafin Bahaushiya da na Bafulatana da na Babarbariya yana jiran masu karanta shi, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya sa masana suka ƙwallafa rai a kan wasulla shi ne ana iya goge su. An amince da azacitidine, mai rage metil, a 2004 domin wani ciwon ɓargo. A 2019 ƙasar Sin ta amince da wani magani mai sassauta naɗin histon domin wani nau'in sankarar mama, yayin da wani makamancinsa ya kasa a babban gwajin da aka yi a Amurka. Hanyar tana da nisa, kuma wanda ya ce yana da saiwa ko abincin da ke gyara wasullan gado, kasuwa yake ci.

Komawa Gyaɗi-Gyaɗi

Ga amsar da na kai wa taubashiyata. Ba a yi wa Gwaggo gwajin gado ba, domin mu kanmu ba mu san da shi ba a lokacin. Amma a danginmu ita kaɗai ce ta yi ciwon, kuma ta haura 50 kafin ya same ta, alamu biyu da ke rage zaton gado. Ko da gadon ne, haɗari ne da ake sa wa ido, kuma sani ya fi zato. Ba alhakin uwa ba ne, ba kuma dalilin fasa aure ba ne. Gwaggo ta haifi bakwai, ta shayar da kowane kusan shekara biyu. Wani babban nazari na 2002 ya nuna kowace shekarar shayarwa tana rage haɗarin da kimanin kashi 4 cikin 100, amma ragewa ce, ba katanga ba.

Abin da ya fi gado da wasulla tasiri a kan makomar Gwaggo shi ne wata 14 ɗin nan. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ƙasashe buri uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu ciwon yana matakin farko ko na biyu, a kammala gwaji cikin kwana 60 daga zuwan mace asibiti, kuma kashi 80 cikin 100 su ƙarasa maganinsu. Na biyu da na uku aikin hukuma ne da asibitoci. Na farko kuwa a tsakar gida yake farawa, a bakin miji da uwar miji da maƙwabciya. Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma kuɗin mota da izinin fita sau da yawa a hannun maza suke.

Taubashiyata ta auri wani, yanzu tana goyon 'yarta ta biyu, wadda ta ci sunan Gwaggo. Kowane wata, bayan al'ada ta ɗauke, ɗayarmu takan kira ɗaya ta ce, "Kin duba?" Bara, ina wanka, yatsana ya taɓa wani abu kamar ƙwayar gyaɗa a mamana na dama. Na zauna a bakin rijiya ina jin muryoyin da Gwaggo ta ji, masu cewa a rufa asiri, a jira, a gwada na gida. Washegari na faɗa wa Babana, ya ce, "Sa mayafinki." Muka bi ta ƙofar gidan Gwaggo, muka miƙe Titin Zariya. An yi hoto, an ɗebi ɗan nama da allura, bayan kwanaki sakamako ya nuna ƙullutu ne marar illa. Na duba agogo a ranar da muka je. Daga ƙofarta zuwa ƙofar asibitin minti 17 muka yi.